Sallah a gida ko a Ingila? Tambayoyi da amsoshi ga mazauna waje

Da zarar azumi ya kai goma wayata ba ta ƙara hutawa. Wannan sabuwar zuwa ce tana neman inda za ta sami mai lalle, wancan ɗalibi ne yana tambayar ko zai iya leƙa Kano ya dawo kafin jarrabawa. Shekarata goma sha biyu a Birmingham, 'ya'yana uku duk a nan aka haife su, kuma a cikin shekarun nan sau huɗu kacal na yi Sallah a gidanmu na Gwammaja. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa. Ni ba lauya ba ce, ba kuma malama ba, abin da na gani ne da abin da ya same ni.

Yaya, zuwa gida ya fi, ko mu haƙura mu yi Sallarmu a nan?

In kana da hali, kuma mahaifanka na raye, je ka. Babu kiran bidiyon da zai maye gurbin ka durƙusa gaban tsohuwa da safiyar Sallah ta dafa maka kai. Amma ka lura na ce in kana da hali. Na san gidan da suka ci bashin katin banki suka tafi su biyar, suka yi sati biyu ana ta “'yan Landan sun zo”, suka dawo suka yi wata goma sha huɗu suna biya, har Sallar da ta biyo baya ko kaza ba su aika gida ba. Wannan ba zumunci ba ne, burga ce.

Mu abin da muka tsayar ni da maigidana shi ne mu je sau ɗaya a shekara uku, mu daɗe, mu zaga dangi har na ƙauye. Sauran shekarun kuma mu yi Sallah a nan da gaske, ba Sallar zaman jiran wata Sallah ba. Na daɗe kafin na gane wannan na biyun. Shekaruna na farko ranar Sallah kuka nake wuni yi da waya a hannu, ina kallon hotunan ƙannena cikin anko, yarana kuma suna gefe suna koyon cewa Sallah rana ce da Umma take baƙin ciki.

Tunda sai an ga wata ake sanin ranar, yaushe zan yanki tikiti?

Ranar ba ta wuce ɗayan kwana biyu, kuma kalanda tana nuna su tun shekara guda kafin lokacin. Sai ka sa ranar tashi kwana huɗu ko biyar kafin ta farkon. Shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kwana 10 ko 11, saboda haka lissafin ba wuya: Ƙaramar Sallah a Najeriya ta kama 21 ga Afrilu a 2023, 10 ga Afrilu a 2024, 30 ga Maris a 2025. Babbar Sallah kuma 28 ga Yuni, 16 ga Yuni, sai 6 ga Yuni. Ka ga yadda take ja da baya.

Wata uku zuwa huɗu kafin tafiya shi ne daidai. Ba a fafe gora ranar tafiya. In Sallah ta haɗu da hutun Ista kuɗin jirgi tashi yake yi, domin kowa da ke da yara lokacin yake nema.

A wurin aiki an ce ba su san wata Sallah ba. Ina da haƙƙin hutu?

Sallah ba ta cikin ranakun hutun gwamnati a Birtaniya. Abin da doka ta ba mai cikakken aiki shi ne hutun kwana 28 a shekara da albashinsa, kuma mai aikin yana iya lissafa ranakun hutun gwamnati a ciki. Daga nan za ka cire Sallarka. Dabarar ita ce ka nemi kwana biyun duka tun farkon shekara, ka yi wa manaja bayani cewa wata ake dubawa. Yawancinsu sun saba, musamman a garuruwa irin Birmingham da Bradford da Leicester. Masu aikin asibiti da gidajen kula da tsofaffi kuwa muna da kasuwarmu: ka karɓar wa abokin aikinka ranar Kirsimeti, shi kuma ya riƙe maka ranar Idi. Shekara bakwai ke nan ina wannan musaya da wata 'yar Ghana, ba mu taɓa saɓawa ba.

Yaran fa? Makaranta za ta bar su?

Ranar Idi ɗin kanta, e. A Ingila ana ba yaro izinin rana ta ibada, ka dai sanar da makaranta a rubuce. Tafiyar sati biyu ana tsakiyar karatu kuwa wata magana ce daban. Tun watan Agustan 2024, in yaro ya yi fashin kwana biyar ba izini cikin mako goma na karatu, ana iya cin tarar fam 80, kuma kowane mahaifi ake ci a kan kowane yaro. In ba a biya cikin kwana 21 ba ta zama 160. Gida irin namu, uwa da uba da yara uku, fam 480 ke nan kafin a yi maganar tikiti. In aka yi ta maimaitawa abin har kotu yake kaiwa.

Da can mun ji daɗi. Babbar Sallar 2019 ta faɗo 11 ga Agusta, tsakiyar dogon hutun makaranta, muka yi sati biyar cur a Kano. Yanzu ta bar wannan wajen, sai dai a yi fatan ta dace da hutun Ista ko ɗan hutun ƙarshen Mayu. Shi ya sa da yawa suka koma zuwa gida a Disamba: makaranta a rufe, gari da sanyi, ga bukukuwan aure jere. 'Yan'uwanmu Kiristoci na Wusasa da Jos da Kafanchan dama su lokacinsu ke nan. Wanda Allah ya ja kwanansa zuwa 2033 zai ga Ƙaramar Sallah sau biyu a shekara ɗaya, a farkon Janairu da kuma dab da Kirsimeti.

Tafiyar za ta taɓa mini takardun zama?

Sati biyu ko wata ɗaya ba sa taɓa komai. Mai bizar aiki da ke ƙirga shekarun neman zaman dindindin kada ya wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12. Mai shirin neman zama ɗan ƙasa kuma kwana 450 ne cikin shekara biyar, sannan kada ya wuce 90 a shekarar ƙarshe. Ka riƙa rubuta ranar fita da ta dawowa, za a tambaye ka wata rana.

Katin zama na roba da muka saba riƙewa ya ƙare aiki a ƙarshen 2024, an koma biza ta intanet. Kafin ka tashi ka shiga shafinka ka tabbata lambar fasfon da ke hannunka ita ce a ciki, musamman in ka sabunta fasfo. Yaron da ke da fasfon Birtaniya kaɗai sai an nema masa bizar Najeriya. Ya fi sauƙi a yi masa fasfon Najeriya, shi kuma sai da lambar NIN, don haka a fara da wuri. Ɗalibi ya duba ranakun hutun jami'arsa kafin ya biya kuɗin jirgi, don ana ɗaukar sunan masu halartar aji.

Ta ina ya fi sauƙin isa Kano?

Hanya biyu ce. Ko ka hau jirgin da ke zuwa Abuja kai tsaye daga Landan, awa shida da 'yan mintuna, sannan ka nemi jirgin cikin gida, ko jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa in Kaduna ka nufa. Ko kuma ka bi ta Alƙahira, Addis Ababa ko Doha ka sauka filin jirgin Malam Aminu Kano. Ta biyun ta fi tsawo nesa ba kusa ba, amma ni da yara da akwatuna goma ita nake zaɓa. Na taɓa kwana a kan benci da goyo saboda wani kamfanin cikin gida ya ɗage tashi sau uku a jajibirin Sallah, daga ƙarshe ya ce sai gobe. A mota muka ƙarasa, muka shiga Kano ana saukowa daga Idi.

Mutanen Maraɗi da Damagaram da yawa su ma Kano suke sauka, su bi ta Jibiya ko ta Daura da Kwangwalam, don ya fi musu kusa da a sauka Yamai. Su dai su tambayi halin da iyaka take ciki, tunda an rufe ta bayan juyin mulkin 2023 sai a Maris ɗin 2024 aka buɗe. Kada a yi tafiyar dare a hanya, kuma kada a baza ranar isowa a Facebook. Mutum biyu a gida su sani ya isa.

Tsaraba ta fi tikiti ba ni tsoro. Yaya kike yi da ita?

Nan ake yin ta. Tikiti yana da farashi, tsaraba ba ta da iyaka, domin kowa a gida ya ɗauka fam a titi ake tsinta. Ba laifinsu ba ne. Tunda aka saki naira a Yunin 2023 fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, duk wanda ya buga lissafin albashinka a wayarsa gani zai yi kai miloniya ne. Bai san kuɗin haya da harajin gunduma da na wuta da gas sun cinye shi tun kafin goma ga wata ba.

Zuwana na farko na yi wauta. Na rubuta suna sittin da biyu, na yi wata biyu ina zaga shaguna, jaka da takalmi da turare da agogo, har na biya kuɗin ƙarin kaya. Da muka isa na zube su a tsakar ɗakin Hajiya na fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar an yi fushi uku. Matar yayana ta ce jakar kishiyarta ta fi tata, wata gwaggo ta juya takalminta ta ga an rubuta ƙirar Sin ta ce “ashe irin na Kantin Kwari ne”, ga wasu mutum tara da na manta da su sam. Da dare Hajiya ta kira ni ta ce, “Ke wa ya aike ki? Kayan da ya shigo gidan nan ni ke raba shi.”

Tun daga ranar na sauya. Iyaye da surukai da kakanni ina yi musu na musamman, abu mai kyau ɗaya ɗaya. Sauran kuwa kaya iri ɗaya nake saye da yawa, sabulu, man shafawa, cakulan, ganyen shayi, safa da 'yan kanfai na yara, in danƙa wa Hajiya akwatin a rufe. Ita ta san wanda ya yi mata jinya, ta san wadda mijinta ya rasa aiki, kuma ba mai iya yi mata ƙorafi. Atamfa da shadda kada ka ɗauko daga nan, ka je da kuɗinka Kwari, sun fi yawa sun fi araha. Ka kuma ware sababbin kuɗi ƙanana na yaran da za su zo yawon Sallah, don su ba ruwansu da daga ina ka zo. Yawancin jiragen akwati biyu ne mai kilo 23 ga kowane fasinja, kuma kafin ka tashi mutum goma za su kira ka da “ɗan saƙo ne ƙarami”. Kada ka karɓi ƙunshin da ba ka buɗe da hannunka ba, ko na wane ne.

Ni da na girma a Kano, sai na sha maganin sauro don zan je gida?

Sha. Juriyar da jikinka ya saba da ita tana gushewa in ka daɗe ba sauro ya cije ka ba, yaran da aka haifa a nan kuwa ba su da ita ko kaɗan. Mafi yawan masu dawowa Birtaniya da maleriya ba 'yan yawon buɗe ido ba ne, irinmu ne masu zuwa ganin dangi a Afirka ta Yamma, don mu ne muke cewa ai gida ne. Akwai ƙwayar Malarone da ake farawa kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya a ci gaba har kwana bakwai bayan dawowa. Akwai wata mai araha da ba a ba mai ciki da yaro ƙasa da shekara 12. Ka je kantin magani ko wurin likitanku sati shida kafin tafiya, ka haɗa da rigakafin shawara da katinta, ka kuma tambayi na sanƙarau in lokacin zafi za ka. In wani ya yi zazzaɓi bayan kun dawo, ko da an yi watanni, abin da za ka fara gaya wa likita shi ne kun je Najeriya.

Zafin Maris da Afrilu a Kano yana kai awo 40. Yaron da bai san wannan ba, a riƙa ɗura masa ruwa, kuma na gora.

Ina son yarana su ga hawan Sallah. Zan iya dogara da shi?

Ya cancanci a gani. A Kano bayan an sauko daga Idi a Ƙofar Mata akwai hawan Sallah, washegari hawan Daushe, sannan hawan Nassarawa, kuma a Disambar 2024 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa. Babban ɗana da ya ga 'yan lifida da dogarai ya ji ƙarar bindiga da algaita, wata guda ya yi yana zana dawaki a makaranta. Sai dai rikicin masarauta ya sa 'yan sanda sun hana hawan a Babbar Sallar 2024 da kuma a 2025. Saboda haka ka tambaya kafin ka yi wa yara alkawari, ka kuma tuna Katsina da Zazzau suna nasu hawan, Daura ma tana da hawan Magajiya.

In zan dawo, zan iya riƙo kilishi da naman Sallah?

A'a. Doka ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da madara daga ƙasashenmu, kuma ba ta ware busasshe ko soyayye ba. Kilishi, dambun nama, soyen layya, man shanu, duk ciki. Na san za a ce wance ta shigo da shi lafiya. Ni ma na taɓa gwadawa. Hajiya ta kwana tana soya mini naman ragonta, ta zuba a bokitin roba ta naɗe da zani. Wani ɗan kare ya zo ya zauna a gaban akwatina, jami'ar ta buɗe, ta ba ni haƙuri cikin ladabi, ta jefa shi a kwandon shara ina kallo. Har yau ban gaya wa Hajiya ba.

Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, zoɓo, tsamiya, garin kunu, ƙuli-ƙuli, turaren wuta, waɗannan nake cika akwati da su. Busasshen kifi ma an yarda da shi. Daddawa dai a naɗe ta sau uku, in ba haka ba kayanka kaf sai sun ɗauka.

Bana ba za mu je ba. Yaya za mu yi Sallah ta yi kama da Sallah a nan?

A gida Sallah ita ke zuwa ta same ka. Tun jajibiri unguwa ta ɗau ƙamshin suya, tela ya ɓuya, yara na yawo da lalle a ɗaure cikin leda, ko ba ka shirya ba gari ya shirya maka. A nan kuwa za ka leƙa taga ka ga motar shara tana aikinta, maƙwabcinka ya fita da karensa, Talata ce kamar kowace Talata. In ba ka gina ta da hannunka ba, ba za ta zo ba.

Ga yadda muke yi, mu gida bakwai, Kanawa da Katsinawa da wasu 'yan Zangon Kumasi da wata baiwar Allah daga Damagaram. Ɗinki muna aikawa tun kafin azumi, don telan gida ko kana gabansa ma sai ya saɓa, balle kana wata ƙasa. Na taɓa karɓar kayan Ƙaramar Sallah ana saura sati guda Babba. Kwana biyu kafin Idi mata mu taru a gida ɗaya, a yi cincin da dubulan, a yi wa yara kitso. Daren jajibiri mu fita Coventry Road ko Alum Rock, inda 'yan Pakistan da Somaliya ke kafa teburan lalle har tsakar dare, nan ne kaɗai za ka ji hayaniya irin ta gida. Da safe a tashi yara da kabbara, a yi wanka, a fesa turare, a tafi filin Small Heath inda masallacin Green Lane ke shirya Idi, dubban mutane daga kowace ƙasa. In an yi ruwa filin ya jiƙe sai a mayar da ita masallaci, a yi ta sahu-sahu. Mutanen Manchester suna da nasu a Platt Fields.

Daga nan sai yawon Sallah, kuma wannan ne ba na wasa da shi. Gidajen bakwai ɗin nan sai yara sun shiga kowanne, sun cire takalmi, sun durƙusa, sun ce “Barka da Sallah, Baba”, “Barka da Sallah, Gwaggo”, an ba su fam ɗaya ko biyu. Wani gida tuwon shinkafa da miyar taushe, wani waina, na Kumasi kuma wake da shinkafarsu mai shito. Da yamma ƙaramar 'yata ta zube kuɗinta a kan kafet tana ƙirgawa tana rigima da yayanta, kamar yadda muka yi a soron gidanmu. Ranar Asabar da ta biyo baya mukan kama zaure a haɗu da sauran Hausawan gari har da na Coventry da Wolverhampton.

Yara suna ganin yadda ake ƙawata gari da fitilu tun Nuwamba saboda Kirsimeti. In ranarsu ta zo ba su ga komai ba, su da kansu za su yanke hukuncin wacce ta fi. Shi ya sa nake rataya fitilu a falo, nake naɗe musu kyauta, duk da mu ba haka aka yi mana ba.

An ga wata a gida, masallacinmu ya ce sai jibi. Wa zan bi?

Bi mutanen garin da kake. Sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta mutanen Najeriya ce, kamar yadda Nijar ke da tata, kuma sau da yawa su biyun ma ba sa haɗuwa. A Birtaniya wasu masallatai Saudiyya suke bi, wasu Maroko ko ganin wata na nan, har a 2025 wasu suka yi Idi 30 ga Maris wasu 31. Ku zaɓi masallaci ɗaya ku da mutanenku ku tsaya a kansa, kada miji na azumi mata na cin tuwon Sallah.

Layya fa, a nan ko a gida?

A bayan gida dai ba a yanka rago a nan, laifi ne. Sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Za ka ba mahaucin halal suna da kuɗi tun da wuri, naman ya iso washegari ko rana ta uku a yayyanke cikin leda. In kana son kai da ƙafa da kayan ciki ka faɗa tun farko. Ka kuma tambaya ka tabbata bayan sallar Idi aka yanka, ba naman da ke ajiye ba ne. Za ka ga ana tallan shiga kaso ɗaya cikin bakwai na saniya. Wasu mazhabobi sun yarda da shi, amma a Malikiyya da aka karantar da mu ba a haɗa kuɗi a sayi dabbar layya, don haka ka ji ta bakin malaminka.

Mu a gida muke yin tamu, don can naman ya fi samun mabuƙata, kuɗin kuma ya shiga hannun makiyayi. Sai mu sayi cinya biyu a nan mu soya saboda yara. Wanda za ka wakilta ya zama mai amana, kuma ka tura kuɗin sati uku kafin Sallah, kafin rago ya yi tsada. Wani abokin maigidana shekara biyu ana turo masa hoton rago ɗaya, sai da matarsa ta gane tabon kunnen.

Zakkar fidda-kai?

Sa'i ɗaya ne na abincin da aka fi ci, wato mudun Annabi huɗu, a kan kowane mutum har jariri. Masallatan nan suna karɓar kuɗi su saya a madadinka. In ka umarci na gida su auna maka gero ko shinkafa su bayar ya isar, sai dai a fitar kafin sallar Idi.

Kowa na jiran goron Sallah. Nawa zan tura?

Abin da ba zai hana ka biyan haya ba. Ka yanke adadi tun kafin azumi, ka tura shi dunƙule ga mutum ɗaya ya raba, kuma kwana biyar kafin Sallah, don a jajibiri manhajar banki kan tsaya, masu POS kuma kuɗi ya ƙare musu. Saƙonnin “Yaya an sha ruwa lafiya?” daga wanda rabonka da shi tun bara za su zo. Ka amsa gaisuwa da fara'a, in babu ka ce babu, Allah ya hore. Ɗalibin da doka ta ƙayyade wa awa 20 na aiki a mako kada ya karya ta don ya faranta wa wani, bizarsa ce a kan layi.

Ba zai fi ba in kawo Hajiya ta yi Sallah da mu?

Wani lokacin ya fi, tikiti ɗaya maimakon biyar. Bizar ziyara wata shida ce, ana iya nema tun wata uku kafin tafiya, kuma abin da suke son gani shi ne wa zai ɗauki nauyinta da abin da zai mayar da ita gida. A yi mata inshorar lafiya, don baƙo biya yake yi in an kwantar da shi. Amma ka san halin tsohuwarka. Tawa ta zo da niyyar wata uku. A sati na uku na same ta tsaye a taga da carbi, ta ce, “Wai su mutanen garin nan ba sa gaisawa ne?” Ranar Sallah ta ji daɗin jikokinta, amma hankalinta na kan wa zai kai wa maƙwabta tuwo a Gwammaja. Kwana arba'in ta yi ta ce a mayar da ita.

Ni kaɗai ne a nan, matata da yarana suna gida. Ranar Sallah ta fi kowace rana yi mini nauyi.

Kuna da yawa yanzu. Tun Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, a Maris ɗin shekarar kuma aka haɗa da masu aikin kula da tsofaffi. Abin da zan roƙe ka, ƙanena, kada ka karɓi aiki ranar don ka manta da ita, kada kuma ka rufe ɗaki. Sa kaftaninka da hularka ko da za ka ɗora rigar sanyi a kai, ka je Idi, ka buɗe kunne. Ba a rasa mai jin Hausa a sahu, kuma ba Bahaushen da zai ji ka ce ba ka da inda za ka ci tuwon Sallah ya bar ka ka tafi.

Kiran gida kuma a sa masa lokaci. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da Najeriya da Nijar, da hunturu kuma suna gabanmu da awa ɗaya. Kada ka kira da hantsi gida na cike ana ta miƙa waya hannu zuwa hannu, ba abin da za ka gani sai silin da goshin mutane. Kira da asuba kafin su fita, yara su nuna maka kayansu, sannan ka sake kira bayan isha ku yi hira da maiɗakinka a natse. Ka sa a saya wa kowane yaro wani abu a ce “na Abba ne”, a ba shi a hannu kana kallo.

Bara wani yaro ɗan Gusau mai karatun injiniya ya ji maigidana na waya a bakin filin Idi, ya matso a kunyace ya yi sallama. Wata tara ke nan bai ci tuwo ba. Ya ci malmala uku, ya yi barci a kan kujerar falo har magariba, na zuba masa sauran miyar a roba ya tafi da ita. Bana shi ya kwaso yaran gidajen bakwai zuwa yawon Sallah, kuma ya zo da wasu abokansa biyu.